Suka Ce Ya Ajiye Baka Ya Ɗauki Garkuwa

Wata rana ina tashar mota a Zariya, ina jiran motar Kaduna ta cika.

Saura fasinja biyu, kuma kun san yadda biyun ƙarshe suke daɗewa.

Kusa da ni akwai wani matashi da zai kai shekara ashirin da bakwai. Ya kwantar da wayarsa a tafin hannu, manyan yatsunsa biyu sai zirga-zirga suke a kan gilashin.

Ni ban san komai a kan wasannin waya ba, amma zaman ya ishe ni. Da na ga ya gama, sai na tambaye shi wane irin wasa ne wannan.

Ya yi mini bayani a natse. Wasan faɗa ne na mutum goma, biyar a nan biyar a can, kowa da wayarsa a inda yake. Kowa zai zaɓi jarumi ɗaya, kuma kowane jarumi da aikinsa. Ɓangaren da ya riga rusa gidan ɗaya ɓangaren shi ya ci.

Na ce ai da gani ya ƙware.

Ya yi ɗan murmushi, ya ce wannan jarumin da na ga yana juyawa, wata biyar da suka wuce ko taɓa shi bai taɓa yi ba.

Daga nan labari ya ɓalle. Ba zan faɗi sunansa ba. Tela ne, yana da ɗan shago a Tudun Wada.

Shekara uku yana wasa da jaruma ɗaya, wata maharbiya mai baka da kibiya. Aikinta ta tsaya daga baya, ta yi harbi daga nesa, in an matso ta gudu. Ya san ta kamar yadda ya san kekensa na ɗinki. A duk Zariya, in ana maganar maharbiya, sunansa ake fara kira.

Su biyar ne a ƙungiyarsu, sun sa mata suna Guguwa. Kyaftin ɗinsu shi ne Nafi'u.

Nafi'u ba abokin wasa kawai ba ne. Benci ɗaya suka zauna a firamare. Lokacin da mahaifin telan ya rasu, Nafi'u ne ya kwana uku yana shimfiɗa tabarmi yana karɓar gaisuwa tare da shi.

To sai aka sanar da wata babbar gasa da za a yi a Abuja. Ita suka shekara uku suna mafarki.

Wata safiya Nafi'u ya shigo shagon, ya ja kujera ya zauna. Ya ce akwai matsala: mai riƙe musu garkuwa ya samu aiki a Legas, ya bar ƙungiya. Ba mai garkuwa, ba gasa. Ya ce ya duba duk 'yan ƙungiyar, babu wanda kansa ke ja da zai iya koyon sabon jarumi cikin wata uku sai shi telan. Maharbiya kuwa za a samu wanda zai riƙe.

Telan ya ce zuciyarsa ba ta so ba.

Amma Nafi'u ne ya roƙa.

Ya amince kafin ya gama shan shayinsa.

Ga inda wahalar take. Mai garkuwa wani ƙato ne, mai nauyi, mai tafiya a hankali. Shi ke shiga gaba. Shi ke shan duka don na bayansa su samu damar harbi. Sau da yawa shi ke faɗuwa, wasu su kwashi yabo.

Wato duk abin da yatsunsa suka saba yi shekara uku, yanzu kuskure ne.

Ya ce a satin farko, da zarar faɗa ya kaure, sai ya ga yatsansa ya ja ƙaton baya da kansa. Ya gudu ya bar mutanensa a fili ana karkashe su.

An ci shi sau goma sha ɗaya a jere.

Baƙin da wasan ke haɗa shi da su suka riƙa zaginsa, wasu da yarukan da bai taɓa ji ba. Matakinsa, wanda ya daɗe yana ginawa, ya sauka hawa biyu. Waɗanda a da suke roƙon ya yi wasa da su suka daina amsa gayyatarsa.

Bai daina ba.

Yana idar da sallar asuba zai yi wasa uku kafin ya buɗe shago. Bayan azahar, lokacin da kwastomomi ke ɗaukewa, zai ƙara biyu. A bayan littafin da yake rubuta awon mutane, ya ware shafuka yana rubuta daƙiƙa nawa kowane bugu ke ɗauka kafin a iya sake yin sa, da wane jarumi ake tara gaba da gaba, da wanda ake kauce wa.

Ya riƙa kallon bidiyon wani ɗan ƙasar waje da ko kalma ɗaya ba ya ji a bakinsa. Hannunsa kawai yake kallo.

Har hannun rigar wani alhaji ya taɓa yankewa gajere saboda hankalinsa yana can. Sai da ya sayo wani yadin ya sake ɗinkin.

A sati na biyu Nafi'u ya zo masa da wani mai suna Anas, yayan yarinyar da Nafi'u yake nema da aure. Ya ce Anas ɗin ne zai riƙe maharbiya, a taimaka a nuna masa hanya.

Telan bai ɓoye masa komai ba. Inda ake tsayawa. Lokacin da ake shiga. Yadda ake jera maɓallan a kan waya don yatsa ya isa da sauri. Dabarun da ya sha wuya kafin ya gano su, ya zube masa su a kan teburin yanka.

In sun shiga wasa tare, shi ke tsayawa a gaban Anas yana shan dukan da aka nufo shi da shi.

A wata na uku abu ya fara kyau. Yatsansa ya daina ja da baya. Ya koyi duba taswirar filin wasan kafin ya duba abokin gaba. Wata rana ya tare mutum uku shi kaɗai a wata 'yar ƙaramar hanya har mutanensa suka rusa gidan. Sauran 'yan ƙungiyar suka cika guruf ɗin hirarsu na waya da yabo, suna cewa an haife shi ne don garkuwa.

Saboda murna, ya sayo baƙin yadi ya ɗinka musu riguna biyar iri ɗaya, ya yi wa kowace aikin zare a ƙirji da sunan ƙungiya. Kyauta. Ya ninke ya kai wa Nafi'u, har da tasa, don a haɗa su a jaka ɗaya.

Saura kwana takwas gasa, ranar wata Juma'a da safe, masu shirya gasar suka fitar da jerin ƙungiyoyi da 'yan wasansu.

Ya nemo Guguwa.

Nafi'u yana nan. Anas yana nan. Sauran biyun suna nan.

A gurbin mai garkuwa, sunan wani sanannen ɗan wasa ne daga Jos.

Ya ce da farko ya ɗauka kuskuren bugawa ne. Sai idonsa ya kai kan ranar da aka yi wa ƙungiyar rajista, a rubuce ƙasan jerin.

Kwana biyu kafin safiyar da Nafi'u ya ja kujera ya zauna a shagonsa.

Bai kira waya ba. Ya jira aka sauko daga masallaci, ya tare Nafi'u a bakin hanya.

"Nafi'u, ranar da ka zo ka ce in koma garkuwa, ka riga ka tura sunayen?"

"Na tura."

"To me ya sa ka bar ni wata uku ina koyo?"

"Da na gaya maka gaskiya, ba za ka koya wa Anas ba."

Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda Nafi'u ya faɗe ta. Ba kunya, ba tsawa. Kamar mai faɗin farashin tumatir.

Sauran bayanin bai wuce abin da kuka riga kuka hango ba. Anas yana son zuwa Abuja, kuma maharbiya kaɗai yake so. Maganarsa tana da nauyi a gidansu. Nafi'u yana son auren. Mai garkuwa kuwa tuni aka samo ƙwararre. Abin da ya rage shi ne yadda za a ɗaga telan daga kujerarsa ba tare da rigima ba, kuma a sa shi ya horar da wanda zai hau.

Nafi'u har ya ƙara da cewa ai wasa ne kawai, kada ya ɗauka da zafi.

Sauran biyun ma sun sani. Tun ranar farko. Duk yabon nan da suke zubawa a guruf, sun san sunansa ba ya cikin jerin.

Na tambaye shi me ya yi.

Ya ce ya koma shago, ya zauna a gaban keke, ya kasa sa zare a allura. Sau huɗu yana gwadawa. Sai ya rufe shagon ya tafi gida.

Sun je Abuja. Sun zo na uku.

Ya ga hoton. Mutum biyar cikin baƙaƙen riguna, suna dariya. Ɗan Jos ɗin siriri ne, rigar ta yi masa yawa a kafaɗa, don ba awonsa ba ne.

Ba wanda ya kira shi, ko kafin tafiya ko bayan dawowa.

An sa ranar auren Nafi'u. Sati biyu da suka wuce ya aiko wani da shadda, wai a ɗinka masa kayan ango, tunda ba wanda ya san jikinsa kamar abokinsa.

Telan ya ninke shaddar yadda ta zo, ya mayar a ledarta. Ya rubuta sunayen teloli biyu masu kyawun hannu a takarda, ya haɗa ya ba ɗan aiken.

Na ce ko ya yafe masa?

Ya ce in sun haɗu suna gaisawa, kuma yana roƙon Allah ya cire masa abin daga rai. Amma ba zai yi mini ƙarya ya ce ya fita ba.

Ashe Kadunar ma da za shi, wata ƙungiya ce ta ji labarin wani mai garkuwa a Zariya, suka ce ya zo su gwada shi. Ya ce musu zai zo, amma sai ya ga sunansa a rubuce da idonsa kafin ya buga musu wasa ko ɗaya.

Na ce tunda ba wanda ya tilasta shi yanzu, me ya hana shi komawa ga maharbiyarsa?

Ya ce ya gwada sau ɗaya. Yana buɗe ta, ya tuna Anas ne ke tsaye a inda ya koya masa tsayawa. Sai ya rufe.

Motar ta cika, muka tashi.

Darasi: In za ka cire mutum daga wuri, ka dube shi ka gaya masa. Zai ji zafi, amma zai warke. Abin da ba ya warkewa da wuri shi ne ka yi amfani da yardar da ya yi maka ka sa shi ya yi maka aiki, alhali ka riga ka gama da shi. Kai kuma da ake roƙo ka yi sadaukarwa, ba rashin kunya ba ne ka tambaya ina matsayinka, ko da mai roƙon amininka ne.

In ka san wani da ya taɓa tsayawa a gaba yana shan duka saboda mutanen da suka riga suka goge sunansa, tura masa wannan. In kuma kai ne ka goge sunan wani, ka san lambarsa.