Shida da Bakwai a Fuskar Baba Mu'azu

Malamai sun daɗe suna gardama a kan abin da ya raba ɗan Adam da sauran halittu. Wasu sun ce magana, wasu sun ce dariya. Ni da na ajiye alli na kama kyamara, na gano amsar tuntuni: ɗan Adam shi ne halittar da take gyara hula idan aka ce za a ɗauke ta hoto. Saboda haka mai hoto ba ƙaramin mutum ba ne. Alƙali yana riƙe da haƙƙin jama'a, liman yana riƙe da sallarsu, mu kuwa fuskokinsu aka ba mu amana. Da wannan ra'ayi na bar Zariya, zan kuma gaya muku inda na baro shi.

Wanda ya kira ni Kabiru ne, haifaffen Agege ta Legas, wanda na ɗauki hotunan bikinsa lokacin da ya zo aure Tudun Wada. Mahaifinsa Baba Mu'azu, Bagobiri, tsohon ɗan kasuwar goro, bai taɓa zama an ɗauke shi hoto ba in ban da na fasfo. To ƙanwarsa Inna Tumba, da ke can ƙauyensu a ƙasar Gobir, ta aiko cewa tana son ganin fuskarsa. Rabonsu da juna an daɗe. Shi ƙafa ta ƙi, ita ido ya fara rauni, hanya kuma kun san halin da take ciki. Hoton waya ba ya yi mata, sai babba wanda za ta kawo kusa da hancinta.

Na tambayi Kabiru ko masu hoto sun ƙare a Legas.

Ya ce, "Malam Isa, sun cika gari. Baba ne ya ce ba zai zauna wa masu mai da mutum 'yar tsana ba. Ya ce a kawo masa ɗan Arewa wanda ya san fuska irin tasa."

Zariya zuwa Lokoja

Ana idar da sallar asuba na isa tashar Kwangila. A jakata akwai kyamara, gilashin bakinta guda biyu, dogo na fuska da gajere na taro, batura, memori, kwamfuta, da faifan mayar da haske wanda ake naɗewa. Ƙafa-ukun ɗora kyamara kuwa tana cikin kubenta a kafaɗata. Direba ya miƙo hannu zai jefa jakar bayan mota tare da buhunan albasa, na riƙe gam.

Ya ce, "Malam, jariri ne a ciki?"

Na ce, "Jariri in ya faɗi yana warkewa."

Bayan mun wuce Abaji aka tsai da mu a wani shinge. Jami'in ya ƙura wa dogon kuben ido ya ce in fito da abin da ke ciki a hankali. Na fito da ita, na ware mata ƙafafu a bakin titi. Ya tambaya ko ni ɗan jarida ne, na ce a'a, mai hoton biki ne. Nan take fuskarsa ta saki, ya ce in gwada masa. Kafin in ɗaga kyamara ya riga ya gyara hularsa. Na koma mota ina jin cewa ilimina ya sake samun shaida.

A Lokoja muka kwana, don direbanmu ya ce shi ba ya tafiyar dare. Na ci shinkafa da kifin kogi, na zauna bakin masauki ina maimaita wani bidiyon koyarwa a waya, na wani Bature mai ɗaukar fuskokin tsofaffi. Darasinsa ɗaya ne: kada haske ya bugi fuska gaba da gaba, a bar shi ya zo daga gefe, don kowane layi na fata ya fito da inuwarsa. Na gyaɗa masa kai kamar abokin aiki.

Lokoja zuwa Agege

Washegari muka bi ta Okene da Akure, muka ci amala a Ibadan, muka shiga Legas da la'asar. Na hau danfo, irin ƙananan motocin haya masu ruwan ɗorawa, ta bi da mu ta Ogba. Kwandasta ya so ya karɓi kuɗin kujera a kan ƙafa-ukuna, wai ai tana da ƙafafu. Kabiru yana jirana bakin layin dogo, ya karɓi jakar yana amsa waya da Yarbanci, yana gaishe ni da Hausa, yana yi wa wani ɗan okada tsawa da turancin buroka, duk a numfashi guda.

Baba Mu'azu na zaune a zaure kan buzu. Dogo ne, baƙi, gemu fari fat. A kumatunsa kuwa ga zanen Gobir, shida a gefe ɗaya, bakwai a ɗayan, sun taso daga gefen baki sun bazu zuwa kunne. Kusa da shi akwai maƙwabcinsa Alhaji Lamidi, Bayarabe mai Hausa kamar jakin Kano. Kun san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa. Ban gama gaisuwa ba Alhaji Lamidi ya ce, "Malam, kyamararka tana da inshora? Ka ga fuskar da za ta kalla."

Baba ya ce, "Rabu da shi, ɗana. Wanga bawana na, tun ina saurayi nike ciyar da shi."

Shekarunsa a Agege sun fi na Kabiru yawa, amma harshensa bai bar gida ba.

Ranar aiki

Da hantsi na zaunar da shi gefen ƙofar zaure, inda haske ke shigowa ta hagu. Ban kunna fitilar kyamara ba. Na jingine faifan mayar da haske a kan wani kwandon goro don ya ɗan rage duhun ɗaya kuncin, na ɗaura dogon gilashi, na saita shi a kan idon da ya fi kusa da ni. Baba ya sa farar riga mai aska takwas, ya gyara hula, ya daskare kamar mai jiran allura. Na ce ya ba ni labarin Inna Tumba. Ya ce tun suna yara ita ce mai faɗa, shi ne mai gudu. Yana cikin murmushin wannan magana na danna. Na duba bayan kyamara, na san na samu. Zanen nan ya fito ɗaya bayan ɗaya, kowanne da inuwarsa.

Yanzu sai in yi muku bayanin yadda muke aiki, don ku gane abin da ya biyo baya. Mai hoton biki ba ya ba da hoto yadda ya fito daga kyamara. Amare ba sa son ganin ƙurji, iyayen amare ba sa son ganin tamoji. Akwai wata manhaja da na saya a intanet, wadda 'yan dandalinmu na masu hoto suke yabo ƙwarai. Ita ke bin fata ta share duk abin da ta ɗauka tabo ne. Na saita ta yadda duk hoton da ya shiga kwamfutata sai ta shafe shi tun kafin in buɗe, don biki ɗaya yakan haifi hotuna ɗaruruwa.

Zan so in ce muku an ɗauke wuta, ko batir ya kusa mutuwa, ko allon kwamfutar ƙarami ne. Duk an yi, amma ba su ne dalili ba. Na buɗe hoton, na duba idon ya fito tar, na duba farin rigar bai ƙone ba, aikin askar yana nan zare-zare. Sannan na kalli fuskar gaba ɗayanta, na ce a raina, kai, ta yi kyau. Idon da ya shekara da shekaru yana lallashin amare ya ga fata sumul ya yi hamdala.

Ogba

Na kai hoton wani shagon wankin hoto a Ogba, na ce a buga shi babba a sa masa firam. Mai shagon ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Oga, aikinka kilin ne, tsaf-tsaf." Aka naɗe shi da takarda, na rungumo shi a keke mai ƙafa uku kamar wanda ya ɗauko kambun yabo.

Bayan la'asar zauren ya cika. Dattawan kasuwar goro sun zo, da wasu dillalan tumatir daga kasuwar Mile 12, da Alhaji Lamidi a wurinsa na kullum. Sai da na ɗan yi jawabi a kan haske da inuwa, Allah ya yafe mini, sannan na yage takardar.

Na miƙa shi da hannu biyu. Baba ya karɓi hoton ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallo. Ya kai hannu ya shafa kuncinsa, ya sake kallon hoton.

Ya ce, "Wanga dattijo kyakkyawa na. Ɗan wane gari na?"

A lokacin na gani. Babu shida, babu bakwai. Kumatu biyu sumul kamar na jariri, a ƙarƙashin idon Baba, a saman gemun Baba.

Alhaji Lamidi ya tashi tsaye, ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa. "Malam, Allah ya yi maka albarka! Tun zuwan mutumin nan Agege muke ƙoƙarin wanke shi ya zama mutum, mun kasa. Kai ka yi a yini ɗaya!"

Aka fashe da dariya. Wani dillali ya ce, "A tura wa Inna haka, ta ce an aiko mata da mai neman aure." Wani ya ce, "Daga Zariya fa aka ɗauko shi takanas." Wannan ta fi kowacce shiga, don ba da wasa ya faɗe ta ba. Kabiru ya sunkuyar da kai yana danna wayar da ba ta yi ƙara ba. Ni kuwa na tsaya riƙe da yagaggiyar takarda, na rasa inda zan ajiye ta, na rasa inda zan ajiye kaina.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Da mutane suka tashi sallar magariba ya ce in tsaya in kama masa hannu. Muna tafiya a hankali ya ce, "Ɗana, Tumba ba ta san ni da gemu fari ba. Ba ta san ni da ramar ga ba. In ta ɗauki hoto, ba hanci za ta duba ba, ƙirgawa za ta yi. Wanzami guda ya yi muna, ni da ita. Ɗiyana duka babu mai shi, jikoki balle. In na tafi, a gidan ga an gama." Ya ɗan tsaya ya huta. "Mi ya sa ka cire? Ya yi maka muni?"

Na ce, "Baba, na'ura ce."

Ya ce, "To. Ita ta zo daga Zariya?"

Muka shiga masallaci. A sahu na yi ta kallon tabarma.

Ogba kuma

Sa'ata ɗaya, ɗanyen hoton yana nan a memori yadda kyamara ta ɗauke shi, don ban taɓa goge memori kafin in koma gida ba. Da safe na kashe manhajar, na buɗe hoton tsirararsa, ban taɓa komai ba sai ɗan haske. Mai shagon Ogba ya duba ya ce, "Oga, wannan ba a gama shi ba, in share maka?" Na ce in ya taɓa shi za mu kwana a ofishin 'yan sanda.

Wannan karon ban yi jawabi ba, ban kuma jira taro ba. Daga Baba sai Alhaji Lamidi a zauren. Baba ya ɗora hoton a gwiwa, ya sa yatsa a kan gilashin yana bi layi layi, leɓensa na motsi. Ya gama gefe ɗaya ya koma ɗayan.

Ya ce, "Sun cika."

Alhaji Lamidi ya leƙo ya ce, "Kash. An mai da shi yadda yake."

Komawa gida

Baba ya ce ni zan kai hoton Zariya, daga nan wani direban hanyar Sakkwato, ɗan garinsu, zai karɓa. Aka haɗa ni da goro da burodin Agege. Jakar kyamarar da na hana a taɓa da zuwa, ita na bari aka sa a bayan mota, hoton na ɗora a cinya. A wani shinge bayan Lokoja jami'i ya ce in buɗe. Ya kalla sau ɗaya ya ce, "Bagobiri ne. Babanka?" Na ce a'a, amma ban ji daɗin wata tambaya a tafiyar nan kamar wannan ba.

Na iso Zariya lafiya, na miƙa amana ga direban a Kwangila. Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ga Kabiru da iyalinsa da suka ci gaba da ba ni abinci bayan abin da na yi, ga Alhaji Lamidi wanda na tabbata zai riƙa ba da labarina har ƙarshen ransa, da Baba Mu'azu da ya yi mini tambayar nan ta ƙarshe ya ƙyale ni da ita.

Bayan kwanaki Kabiru ya kira. Ya ce hoto ya isa. Inna Tumba ta fito da shi tsakar gida inda rana take, ta kawo shi kusa da fuskarta, ta ƙirga, ta ce shi ne, ta yi kuka, sannan ta ce a gaya masa ya tsufa ƙwarai kuma hular ba ta dace da shi ba.

Na tambaye shi ɗaya hoton fa, ko an ƙona shi. Ya ce a'a, Baba ya sa an rataye shi a ɗakinsa, saitin gado.