Gaisuwar da ta kai mu ƙasa a Edgbaston

Shekarar da gwamnatin Ingila ta ɗaure bakin jaka, aka rufe ajin Japananci na yamma a laburaren unguwarmu ta Hulme a Manchester. Raina ya ɓaci, wallahi. Ina shekarar ƙarshe a karatun injiniyan gadoji, wani lab, wato cibiyar bincike, a Japan ya ce zai ɗauke ni in na kawo takardar shaidar cewa ina jin harshensu. In babu takardar, biza ta ƙare, sai gida.

Malamar ajin, wata dattijuwa 'yar Japan mai ciwon gwiwa, ta koma wurin 'yarta a unguwar Edgbaston ta Birmingham. Na bi ta. Duk Asabar ina cikin jirgin ƙasa daga Manchester, littafi a cinya, ina juya Japananci zuwa Turanci, Turanci zuwa Hausa.

Babin hawa da tashi ne ya sha mini kai. Mu da "hau" da "tashi" mun gama magana. Su kuwa hawan dutse noboru ne, tashin farashi agaru, ɗaga kaya ageru. Shiga gidan mutum ma hawa ne, don daɓen gidajensu ya ɗara bakin ƙofa tudu. Na ce kai, mutanen nan ba sa gajiya da sama?

Ranar da za ta yi mini jarrabawar takardar shaidar, 'yarta ta tafi aiki, malamar da kanta ta buɗe mini ƙofa. Ta ce in hau, wato in shigo. Na cire takalmi. Tsoro ne ko tarbiyya ce, oho, sai na ga na durƙusa har ƙasa ina gaishe ta, yadda nake gaida kakata a Kano.

Ashe a wurinsu wannan ce gaisuwa mafi nauyi, kuma ba a barin baƙo shi kaɗai a ƙasa. Sai baiwar Allah ta dafa bango, ta durƙusa ita ma, goshi kusa da kafet. Ni ina jira babba ta ce in tashi. Ita tana jira baƙuwa ta fara ɗagowa. Muka ci gaba da durƙuso a lungun takalma.

Can na saci kallo, na ga tana ta yunƙuri. Ta kasa miƙewa! Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na rungumo ta ta hammata na ɗaga, na kai ta kujera.

Da numfashinta ya dawo ta ce da Turanci, "Jarrabawarki ke nan. Faɗa mini abin da ya faru yanzu, da Japananci."

Na fara, kalmomin hawa da tashi suka rikice mini. Na sa ta ta hau dutse, na sa kaina na tashi kamar farashin tumatir. Ta girgiza kai, ta ce in dawo wata mai zuwa.

Na ce, "Malama, wata mai zuwa an rufe karɓar takardu. Yau ba inda za ni."

Na sake, na faɗi. Na yi sallar la'asar a gefen falonta, na dawo na zauna. A karo na huɗu na kai ƙarshen labarin ba ta tsayar da ni ba.

Ta jawo takarda ta daɗe tana rubutu, ta liƙe ambulan ta miƙo mini da hannu biyu.

Ta ce, "Na rubuta musu cewa Japanancinki na tsaka-tsaki ne. Na kuma rubuta cewa in sun ce ki tafi, ba za ki tafi ba, gara su tanadar miki kujera."