Takardu Arba'in Babu Lamba

Rubutun hannuna ne ya kusa sa a kore ni daga Masar saura wata biyu in gama karatu. Tun ina Zariya ake yabon hannun nan, ni kuma na ɗauki yabon na ɗora a ka. Na zo Alƙahira karatun fiƙihu ina jin duk unguwarmu ta Hayyin Ashir babu mai zana harafi kamata.

Wani malamin sakandare Bamisire, mai neman digiri na biyu a wata jami'a a Giza, ya ga littafin darasina a gidan shayin da muke zama. Nasa rubutun kamar kaji sun yi tono, har masu tafireta sun ƙi karɓa. Ya roƙe ni in kwafe masa babi ɗaya da kyau. Na tambaye shi a kan me, ya ce a kan yadda Amurkawa suka ƙwaci kansu daga hannun sarkin Ingila. Dariya na yi. Ni a sanina Amurka ƙasar alkama ce da majigin kaboyi, ban taɓa jin wani ya mulke ta ba. Ya ce ba ni kaɗai ba ne, ko malaman makarantarsu haka suke yi masa dariya.

Ya ce in bar gurbi duk inda sunan Bature ko na gari ya zo, zai cike da boko da kansa. Ni da zaƙewa, har sunayen ƙasashe na tsallake. Sauran kuwa na yi shi yadda aka koya mini a zaure: Bisimilla da salati a sama, jan tawada ga muhimman kalmomi, takardu warwatse babu ɗinki, babu lambar shafi. A ƙasan kowace takarda sai in rubuta kalmar farko ta mai bi mata, yadda malamanmu suke yi. Shafin da ke ɗauke da sunan aikin yana wurin mai shi.

Wannan fa makonni kaɗan ne bayan an harbe shugaban ƙasar, kuma ba nesa da unguwarmu aka yi abin ba. Gari ya tsuke. Abokaina duk sun rage gemu, ni na ce nawa ba ya tsoron kowa.

Ranar da zan kai masa aikin, da hantsi na hau bas zuwa Giza, takardun na cikin jaka. A wani shinge sojoji suka tsayar da mu, suka zaɓi masu gemu suka sauke. Ɗaya ya zazzage jakata, takardun suka watse a kwalta. Ya tattara su yadda ya ga dama, ya hango jan tawada, ya dube ni. Ya ce in biyo shi.

A caji ofis suka kai ni gaban wani hafsa mai furfura a gefen kunne. Ya ajiye fasfona a gefe, ya buɗe shafin iƙama, wato izinin zamana, ya danne da farantin tokar sigari. Sannan ya ɗauki takardar da ke sama ya karanta a hankali. Ita ce mai bayanin cewa jama'a suna da haƙƙin tuɓe mai mulkin da ya zalunce su. Kalmar tuɓewa ni na rangaɗa mata ja da hannuna. Ta biyu tana maganar albarushin da aka ɓoye a wani ƙauye, kuma daidai wurin sunan ƙauyen fili ne fari fat.

"Ya shehi," in ji shi, "wane ƙauye ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a Amurka yake. Tarihi ne, an fi shekara ɗari biyu."

"Wa za a tuɓe?"

"Sarkinsu."

"Amurka ba ta da sarki."

"Na Ingila ne, shi yake mulkinsu a lokacin."

Sojan da ke bakin ƙofa ya tuntsire da dariya. Hafsan bai yi ba. Ya ce ya ji ƙarya iri-iri a wannan watan, amma tawa ta fi kowace rainin hankali. Ya ce in cike gurabun da sunayen mutanen da na ɓoye, in faɗi wanda ya sa ni, ko kuwa in kwana a kulle a ɗakin ƙasa, jibi a sa ni a jirgi. Na tuna shekara shida da na yi, na tuna mahaifina da ya gama gaya wa unguwa cewa bana zan dawo da shahadar kammala karatu. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Sunan malamin yana kan harshena, amma na san in na faɗa, kafin la'asar shi ma yana nan, ga shi da 'ya'ya huɗu.

A bencin waje akwai wani Ba'amurke da ya zo kawo rahoton an sace masa kyamara. Hafsan ya sa aka shigo da shi. Na ce alhamdulillahi, ga mai ƙasa ya zo. Da ɗan Turancinsa hafsan ya tambaye shi ko mutanensu sun taɓa ɓoye albarushi a ƙauye don yaƙar sarki. Mutumin ya sosa ƙeya. Ya ce e, an yi wani yaƙi da Ingilishi, suna ma hutu da wasan wuta saboda shi, kuma akwai wata magana ta shayi. Albarushi kuwa bai sani ba, don bai taɓa son darasin tarihi ba. Ya tambayi zancen kyamararsa. Wallahi da ina da iko da na shaƙe shi.

Bayan ya fita hafsan ya jawo fasfona gabansa, ya cire murfin biro. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma in jera su. A hargitse suke."

Ya ce babu lamba, da me zan jera? Na nuna masa kalmar da ke ƙasan takarda, na nemo wadda ta fara da ita. Ya sunkuya ya duba. Ya ce kakansa yana da littafi irin haka a ƙauye. Na durƙusa a ƙasa ina jerawa, gumi yana ɗiga a kan tawadar da na yi mako uku ina lallaɓawa.

Ya fara daga farko. Ya wuce jiragen ruwa masu tafiya da iska, da wasiƙar da ke yin makonni a teku kafin ta isa fada. Ya wuce akwatunan shayin da aka zuba a ruwa, da bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, da bayin da ke noman taba. Sai da aka kira azahar ya ɗago kai.

"Ashe su ma an taɓa hawa kansu," in ji shi, kamar da kansa yake magana.

Ya rufe biron, ya turo mini fasfo da takardun. Na sa hannu zan ɗauka, sai ya zare guda ɗaya, wadda ya fara karantawa. Ban ga ya sa ta a fayil ba. Ninke ta ya yi gida huɗu, ya tura a aljihun rigarsa ya ɓalle maɓalli.

"Wannan ko su wa suka faɗe ta, ba a yawo da ita a bas," ya ce. "Yalla, tafi."

Ban isa Giza ba sai da na biya wurin wanzami ya aske mini gemu. Washegari na zauna sake kwafe takardar da ya riƙe. Sau uku ina lalata ta, hannun nan da ake yabo ya ƙi tsayawa. A ta huɗu na bar jan tawada a rufe, na sa lamba, na rubuta Amurka da manyan haruffa a saman shafin.