Malam Zaharaddin Uba da Gurbin da ya Ɓoye a Akwatinsa

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malam Zaharaddin Uba a shekarar 1957 a unguwar Kollere ta birnin Garwa, a arewacin Kamaru. Mahaifinsa, Malam Uba Salisu, mahauci ne a babbar kasuwa, jikan wani falke da ya zo daga ƙasar Katsina da kanwa ya zauna, mahaifiyarsa kuwa Malama Karimatu, Bafulatana ce daga Rey Bouba. Shi ne ɗan fari a cikin 'ya'ya bakwai.

Karatu

Bayan ya sauke Alƙur'ani a 1969, an sa shi makarantar gwamnati, ba da son mahaifinsa ba, wanda ya riga ya yi masa tanadin wuƙa da teburin nama. Ya kammala makarantar fasaha a 1978, sannan ya tafi Duwala ya yi shekaru uku yana koyon gyaran rediyon jiragen sama. Har ƙarshen rayuwarsa mahaifin bai fahimci wannan sana'a ba, idan aka tambaye shi sai ya ce ɗansa yana gyara wa Turawa kunne.

Aiki

A 1982 wani ƙaramin kamfani mai jirage uku, da ke feshin gonakin auduga da ɗauko marasa lafiya daga ƙauyuka, ya ɗauke shi aiki a Garwa. Nan ya yi suna da ƙa'ida guda: ba ya barin a danna maɓallin magana sai ya sa ma'auni tsakanin rediyo da eriya. Hujjarsa ita ce, idan eriya ta yi tsatsa ko ruwa ya shiga wayarta, ƙarfin da rediyo ya tura ba ya fita, komawa yake baya ya ƙona na'urar aikawa. Idan kuma ya cire eriya don bincike, sai ya ɗaura wani ɗan ƙarfe mai girman kwalbar turare a madadinta, wanda ake kira jabun eriya, domin ya shanye ƙarfin. Matuƙa sun gaji da jiransa har suka laƙaba masa Malam Sai-an-auna, shi kuwa ko a jikinsa. A shekaru ashirin da ɗaya rediyo ko ɗaya bai ƙone a hannunsa ba, kuma yana faɗin haka fiye da yadda ya kamata.

Aure da Iyali

Ya auri Malama Mardiya, 'yar wani dillalin shanu, a 1984, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har rasuwarsa. Allah ya ba su 'ya'ya shida, biyu suka rasu suna ƙanana.

Waƙi'ar Agustan 2003

Ranar Talata 12 ga Agusta 2003, matuƙi Thierry, abokin aikinsa na shekaru tara, ya kawo ƙorafin cewa rediyon jirginsa yana tartsatsi, kuma ƙarar na ƙaruwa duk lokacin da inji ya ƙara gudu. Malam Zaharaddin ya cire eriya ya ɗaura jabun, domin ya gane ko daga waje ƙarar take shigowa ko daga cikin jirgin. Da tartsatsin bai daina ba ya tabbata na ciki ne, ya bi waya har ya sami wadda ta kwance a jikin inji, ya ɗaure ta, ƙarar ta ɗauke.

Yana cikin haka aka aiko masa cewa mahaifinsa ya faɗi a mayanka ya cika, kuma an tsayar da jana'iza bayan la'asar, ana jiran babban ɗa. Ya rufe murfin injin, ya kira hasumiyar filin jirgi, aka amsa masa cewa ana jin sa tangaran, ya sa hannu a takardar aiki ya tafi. Karo na farko ke nan da bai sa ma'auni ba. Jabun yana ɗaure a inda eriya take, kuma hasumiyar ta ji shi ne kawai saboda tazarar ba ta kai mita ɗari uku ba.

Washegari da hantsi Thierry ya tashi zuwa Tcholliré tare da wani ma'aikacin jinya mai suna Brice, domin ɗauko wata mata da haihuwa ta zo wa da gardama. Hadari ya haɗu a gabas, hasumiya ta kira shi sau goma sha ɗaya tana cewa ya juyo, ba amsa. Jirgin ya faɗa tafkin Lagdo, mutanen biyu suka mutu, sashen da rediyon yake kuwa ba a taɓa tsamo shi ba.

Bayan addu'ar uku Malam Zaharaddin ya koma aiki, ya buɗe akwatin kayansa, ya tarar da gurbin jabun babu kome. Bai gaya wa kowa ba. Kwamitin bincike ya tambaye shi ko ya gwada rediyon, ya ce ya gwada, hasumiya ma ta shaida. A Janairun 2004 kwamitin ya yanke cewa matuƙin ne ya yi kunnen ƙashi da umarni, aka rubuta laifin a kan mamaci. Matar Thierry, Solange, ta kwashe 'ya'yanta ta koma Ngaundere, a matsayin matar wanda ya kashe kansa ya kashe wani da taurin kai.

Shekarun Ƙarshe

Malam Zaharaddin ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya a 2015, ana yabonsa da ƙwarewa, bai kuma taɓa sayen wani jabun ya cike gurbin ba, aro yake yi. Ya daina cin kifin Lagdo, iyalinsa suka ɗauka ciwon ciki ne. A 2020 ciwon ƙoda ya kwantar da shi. A watan Janairun 2021 ya tara matarsa da 'ya'yansa ya buɗe musu akwatin, ya bayyana abin da ya ɓoye shekara goma sha bakwai. Babban ɗansa ya roƙe shi ya bar maganar tsakaninsa da Allah. Amsar da ya ba shi, kamar yadda Malama Mardiya ta ruwaito, ita ce: "Hassan, hakkin Allah na roƙa tuntuni. Wannan na Madam Solange ne, ita kaɗai ke iya yafewa. Kawo biro."

Ya rubuta wasiƙa biyu da Faransanci, ɗaya ga hukuma yana wanke sunan Thierry, ɗaya ga Solange yana neman yafiya. Hukuma ta amsa cewa an rufe fayil ɗin. An tabbatar da cewa Solange ta karɓi tata hannu da hannu. Shekara biyu ya yi yana tambayar duk wanda ya shigo gaishe shi ko an zo da saƙo daga Ngaundere. Iyalinsa sun so a tsallake wannan babi a tarihinsa, amma wasiyyarsa ce a rubuta shi, an kuwa rubuta.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Juma'a 3 ga Maris 2023 a gidansa, yana da shekara sittin da shida. An yi masa salla bayan an sauko daga masallaci, aka binne shi kusa da kabarin mahaifinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Hassan, dillalin shanu a Garwa; Fadimatu, ungozoma a Tcholliré; Mahamat, malamin makaranta a Kolofata; da Sadiƙa, ɗaliba a Yawunde. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan musulmi baki ɗaya. An aika wa Solange labarin rasuwar, kuma har ranar da aka kammala wannan rubutu amsa ba ta zo daga Ngaundere ba.