Kwalaben Gindin Randar Hadijatu

Duk garin Babban Mutum babu mai damun furar da ta kai ta Hadijatu, tsafta kuwa har tsiya ake yi mata, wai ko ƙuda sai ya yi sallama kafin ya shiga ɗakinta. Da furar nan ta riƙe gida tun da mijinta ya rasu, da ita kuma ta kai ɗanta na fari, Kalilu, jami'a.

To shi Kalilu wani aiki ya zaɓa, renon funfuna! Funfunar nan dai da ke ɓata tuwo. Wai daga irinta ake samun allurar kashe ƙwayoyin cuta, shi kuma yana ta zaɓen wadda ta fi ba da magani, yadda manomi ke ware zangarniyar iri. Ana cikin haka jami'o'i suka shiga yajin aiki, aka rufe ɗakin bincike, ba wuta ba sanyi. Ya kwaso kwalabensa na funfuna masu toshiyar auduga ya binne su a jiƙaƙƙen yashin gindin randar uwarsa, ya roƙe ta kada yashin ya bushe, ya tafi Mai'adua neman na abinci.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Maƙwabciyarta Adawiyya ta shigo shan ruwa, ta hango abu kore shar cikin wata kwalba da ta leƙo daga yashin, ga ƙwaryar fura a gefe. Kafin la'asar zance ya gama gari. Wasu suka ce ƙazanta ce, wasu suka ce surkullen jan kasuwa ne, a wannan zamani na Shari'a kuma! Mata suka zo har gida suka ce ta faɗi na mene ne.

Kalma guda ta isa ta wanke ta. Amma Hadijatu 'yar mutan da ce, ko sunan ɗan fari ba ta faɗa, balle ta tsaya gaban mutane tana yabon iliminsa. Ta sunkuyar da kai ta ce ajiya ce. Allah sarki, kunyar nan ita ta ja mata.

Masu saye suka janye ɗaya bayan ɗaya. Fura ta riƙa kwana tana tsami, sai a ba awaki. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta yi kuka ba sau ɗaya ba, amma kullum da safe sai ta yayyafa wa yashin ruwa.

Da aka janye yajin, Kalilu ya dawo ya tone kwalabensa, ya ɗaga su a rana ya ga sun rayu, murna kamar ya taka rawa. Sai a lokacin ya lura da turmi a kife, ƙore a rataye sun yi ƙura.

"Inna, yau ba a yi fura ba?"

Ta kau da kai tana ɗaure masa kwalaben cikin zanenta mai kyau.

"Na bari tuni. Baya ne ya matsa mini. Riƙe da hannu biyu, hanyar Baure akwai gargada."