Amalanken da Ba a Sa wa Mai

Ran Lahadi a kasuwar Filinge, kafin a gan shi ake jin amalankensa. Samari pus-pus suke ce wa wannan akwati mai taya biyu da ake turawa ana talla, shi kuwa amalanke ya sani. Dattijo ne siriri mai sayar da mangwaro, kafaɗarsa ta hagu a karkace kamar ta taɓa shan gindin bindiga.

Tayar amalanken ƙara take yi mai tayar da tsikar jiki. Rana na take tsaka sai ya baro kasuwa, ya bi ta ƙofar wani gida inda wani tsoho ke kishingiɗe a inuwa. An ce soja ne a da, shi ya tara amalanken masu talla ya cinna musu wuta, wai yana share hanya. Nan dattijon ke rage tafiya, ya kai ya komo, tsohon na toshe kunne.

Wata mai fura ta ce masa, "Baba Hamani, don Allah sa wa tayar nan mai mana!"

Ko waiwayowa bai yi ba, idonsa na kan tsohon sojan, ya ce, "Ɗiyata, mai shina nan aljihuna. Sai ran da anka ɗauki gawatai."