Sunan da Inna Rakiya Ba Ta Faɗa

Shekara uku muna zama gefe da gefe a bakin titin Tsafe, ni Dibora da kaskon ƙosaina, Inna Rakiya da ƙwaryar furarta. Kullum a ƙafa take tahowa daga rugarsu ta bayan Kucheri.

A 1996 ɗanta na fari ya bi motar shanu zuwa Ikko. Hoto ɗaya ya aiko, daga nan shiru. Yana tsaye ƙarƙashin wata gadar sama, motoci na gudu a kansa, jama'a kamar tururuwa. Ta yi ta shafa hoton har fuskar ta dushe, gadar kawai ta rage.

Duk direban tirelar da ya tsaya, sai ta dama masa fura ta nuna masa hoton.

"Ka san hanyar ga da ab bisa? Akwai wani yaro ƙarƙashinta."

"Inna, gadojin Ikko sun fi a ƙirga. Mi ne sunanai?"

Sai ta sunkuyar da kai. Bafulatana ba ta kama sunan ɗan fari, ko nuna kewarsa ma abin kunya ne. Shi ya sa ta baro matan rugarsu can nesa, don kada su ji tana cigiya. Abin ya riƙa ba ni haushi. Na ce ta raɗa mini ni in faɗa, ta ƙi. Na yi masifa har na gaji, amma wallahi tausayi ne ke cina.

Da damunar 1999 wani direba, Idris, ya daɗe yana kallon hoton. Ya ce ya san gadar, can suke sauke shanu, amma ana shirin tashin masu zama ƙarƙashinta, kowa zai watse. Ya tambayi sunan yaron, ta kau da kai. Ya kaɗa kai ya hau mota.

Sai da tirelar ta fara tafiya na ga tsohuwar nan ta bar ƙwarya ta bi ta da gudu.

"Manu! Sunanai Manu!"

Idris ya ɗago hannu ta taga. Ko ya ji, Allah masani.

Ta dawo tana haki, ta zauna, ta sake faɗin sunan a hankali. Sannan ta dube ni.

"Dibora, shekara ashirin da shida, yau na fara jin shi cikin bakina."